Saura shekara shida in ajiye aiki: ina zan kai miliyan biyun nan?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kano, shekarata 54, saura shida in yi ritaya in Allah Ya kai mu. Watan jiya na kwashi adashin ofis, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, sannan aka sayar da gonar gadonmu aka ba ni dubu ɗari tara. Tunda nake ban taɓa riƙe kuɗi haka a dunƙule ba, har barci ya fara yi mini wuya. Gidan haya nake, yara bakwai, biyu suna jami'a. Mai ɗakina ta ce gwal. Ƙanena ya ce in ƙara kuɗi in sayi adaidaita sahu. Abokin aikina ya ce sukuk, wato takardar zuba jari ta gwamnati da ake biyan mai ita kuɗin haya. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, kuma ban son abin da ke da kuɗin ruwa.

Ɗan Kwari: Wa'alaikumus salam. Malam, fili. Ba sai an yi dogon Turanci ba. Ka fita bayan gari, ta hanyar Gwarzo ko ta Madobi, ka nemi ko rabin fuloti ne ka kafe. Ƙasa ba ta ruɓewa, ɓera ba ya ci, gobara ba ta taɓa ta. Mu da muke kasuwa mun ga gobarar Sabon Gari ta 2016, mun ga ruwan da ya shiga Kwari a daminar 2022 ya jiƙa diloli. Wanda ya tsira a cikinmu shi ne wanda ya riga ya binne wani abu a ƙasa.

Tsohon Akawu: Alhaji na Kwari, ƙasa ba ta ruɓewa, amma ana sayar da ita ga mutum uku. Ni na sayi fili da shaidu huɗu da sa hannun mai unguwa, na dawo bayan shekara biyu na tarar wani ya kai gini linta, shi ma da takardarsa da shaidunsa huɗu. Shekara uku muna zirga-zirga a kotu. Abin da na kashe wa lauya ya kusa kuɗin filin.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki waya ba. Baban Ummi, kai ƙanena ne, na girme ka da shekara goma sha biyu, ka saurare ni. A 2004 Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kowa ya fito yana tallar hannun jari. Har cikin ofis ake biyo mu da fom. A 2007 masinjanmu ma yana da hannun jari, mai shayin bakin get yana tambayar nawa aka rufe yau. Ni da nake ganin na iya lissafi sai na zarce kowa: na sayar da motata, na ci bashi, na zuba. A watan Maris na 2008 kasuwa ta kai ƙololuwa, daga nan ta fara gangarowa, kafin shekara ta zagayo kusan kashi biyu cikin uku ya tafi. Mai bashi kuwa ba ruwansa da kasuwa, wata ya yi a biya shi. Na sayar a ƙasa warwas don in rufe bakinsa.

Abin da har yau yake ci mini rai: akwai wani darakta da muka saya rana ɗaya, kamfani ɗaya. Shi bai ci bashi ba, bai kuma buƙaci kuɗin ba, sai ya jefa takardun a durowa ya manta. Yanzu duk shekara ribar hannun jarin tana faɗo masa a asusu. Bai fi ni wayo ba ko kaɗan. Yana da halin jira ne kawai, ni ba ni da shi.

Mai Adaidaita: Baba, ka cire maganar Napep a ranka. Miliyan biyu yanzu sabo ba ya samuwa, sai dai ka sayi wahalalle ka koma abokin bakanike. Kuma in ba kai za ka ja ba, to direba ne mai babur, kai sunan kawai gare ka. Ni direba ne nake faɗa maka. Ran da aka wuni a layin mai, ko aka kama ka, ko taya ta fashe, balas ɗin mai babur ne yake fara jin jiki.

'Yar Banki: Baba, barka da arziki, Allah Ya sa albarka. Kafin mu je kan miliyan biyu, babban kuɗinka ba shi ne wannan ba, yana can cikin asusun fanshonka. Tun dokar 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka, gwamnati tana ɗora kashi 10, duk wata. Yaushe rabonka da ka duba? Ka je kamfanin fanshonka ka karɓi takardar bayanin asusu, ka bi wata-wata ka ga ko akwai watan da ba a zuba ba. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne da na NIN da na fayil ɗinka na ofis. Na ga dattijo yana hawaye a gaban kanta saboda a wata takarda Muhammad ne, a wata Mohammed, kuma shekarar haihuwa ta bambanta da ɗaya. Yanzu gyaran zai ci maka sati biyu, bayan ritaya kuwa wata da watanni, ba albashi. In kuma ka fara aiki kafin a kawo wannan tsarin a 2004, akwai haƙƙinka na waɗancan shekarun da gwamnati za ta zuba maka daban, shi ya sa PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, take tantance masu shirin ritaya tun ana saura shekara. Kada ka yi wasa da wannan tantancewar.

Batun kuɗin ruwa: tun 2021 akwai rukuni na shida a tsarin fansho, wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa. Amma ba a kai mutum can sai ya rubuta ya nema.

Sukuk kuma, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ne yake fitarwa. Na farko a 2017, biliyan 100, shekara bakwai, haya kashi 16.47. Da kuɗin ake yin tituna, in ka bi hanyar Kano zuwa Maiduguri za ka ga allunansa. Na watan Mayun 2025 kashi 19.75 ne. Wato miliyan ɗaya tana kawo 197,500 a shekara, a biya ka sau biyu, in wa'adi ya cika a dawo maka da uwar kuɗinka. Da dubu goma ma ana shiga.

Ɗan Kwari: Hajiya, a dawo masa da uwar kuɗi ko a dawo masa da gawar uwar kuɗi? Wanda ya zuba miliyan ɗaya a 2017, me miliyan ɗaya take saye a 2024 da aka mayar masa?

'Yar Banki: Gaskiyarka Alhaji, kuma ba zan ɓoye ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga. In kaya suna tashi da 34 kai ana ba ka 19, to baya kake ci, sai dai a hankali. Miliyan biyun Baba a farkon 2023, lokacin da dalar gwamnati take wajen 460, ta haura dala 4,000. A kan 1,500 kuwa dala 1,300 da 'yan kai ce. Ba wanda ya sace masa, a zaune ta zagwanye. Abin da nake cewa kawai, wanda ya bar kuɗi a asusun ajiya ko ƙarƙashin katifa ya fi kowa ci baya. Shi kuma fili ba ya biyan kuɗin makaranta a watan Janairu.

Almajirin Zaure: Tambaya gare ki Malama, ba gardama ba. An ce haya ce, to amma an yanke kashi tun farko, kuma uwar kuɗi ba ta taɓuwa. Ina bambancinsa da ruwa in ban da suna?

'Yar Banki: Malam, tsarin ijara ne: masu sukuk su ne masu mallakar kadarar, gwamnati tana hayarta, a ƙarshe ta saye. Yanke kuɗin haya tun farko ai ko gidan da Baban Ummi yake ciki haka aka yi. Akwai kwamitin malamai masu ba Babban Banki shawara da suke dubawa kafin a fitar. Iyakar sanina ke nan, fatawa kuwa taku ce.

Almajirin Zaure: Na gamsu da rabi, sauran zan kai wa malaminmu bayan Magariba. Baban Ummi, in kana tunanin zakka, nisabin zinare wajen giram 85 ne, kuɗinka bai kama ƙafarsa ba a farashin yau.

Sabon Shiga: ALBISHIR!!! Zuba 50,000 ka kwashi 100,000 cikin kwana 30. Halal ne ɗari bisa ɗari, kasuwancin intanet ne. Baban Ummi ka yi mini magana ta gefe.

Mai Kula da Zaure: Na cire shi. Wa ya sako mana wannan? Duk wanda ya bi shi ta gefe, kada ya dawo mana da kuka. An yi MMM ta rufe a Disambar 2016, an yi CBEX ta rufe a Afrilun 2025, kullum da sabon suna, kullum da "halal ne". Baban Ummi, tunda ka faɗi adadin kuɗinka a bainar jama'a, ka shirya karɓar sallama daga mutanen da ba ka sani ba.

Uwar Adashi: To maza kun gama? A bar mata su yi magana, tunda shawarar matar gida ce kuka tsallake kamar ba a faɗa ba. Kakata ba ta san banki ba. Jeren kwalla da tasa ne a ɗakinta tun daga ƙasa har rufi, kowace da ranar da ta saye ta. In biki ya taso ko fari ya yi, sai ta sauke biyu ta aika kasuwa. Mu muka koma gwal. Ina da 'yan kunne da zobe da na saya kafin a cire tallafin mai, yau in na kai wa mai gwal zai ba ni ninkin abin da na biya har da ɗori. Ba gwal kaɗai ne ya yi ƙiba ba, Naira ma ta rame.

Amma Baban Ummi ka gaya wa Maman Ummi abu biyu. Kada ta sayi mai ado da duwatsu, kuɗin aiki ne za ta biya, ran sayarwa kuma a cire duwatsun a ɗora zallar gwal a sikeli. Ta sayi mara kwalliya, ta karɓi rasit mai giram a rubuce. Na biyu, gwal a gida yana da baki. Ranar da 'yar uwa ta zo da kukan an kwantar da ɗanta a asibiti, kina da sarƙa a akwati, ba za ki iya cewa babu ba. Nawa biyu haka suka tafi, kuma ban yi nadama ba, amma dai sun tafi.

Adashi kuwa shekara goma sha huɗu ina riƙe shi. Da ana rigimar kowa yana son kwasar ƙarshe don ta zama ajiya. Yanzu rigimar kwasar farko ake, don mai kwasar ƙarshe kuɗinsa cif za a ba shi amma buhun shinkafar ya riga ya gudu.

Ɗan Dawanau: Da a ce bara waccan ne da na ce masa hatsi, a saya da kaka a fitar da bazara. Yanzu bakina ya mutu. Na sayi masara da tsada a kakar 2024, har da kuɗin mutane a ciki, ina jiran ta tashi. Gwamnati ta buɗe shigo da abinci ba haraji, sai farashi ya juyo ƙasa a 2025. Ga kuɗin sito, ga maganin ƙwari, ga masu kuɗi suna kira. Na fitar da asara. Talaka ya ji daɗin sauƙin, ban ce ba, ni ma a gidana an ji. Amma manyan da suke da sito nasu na kansu ko gezau, wasu ma su suka saye namu. Da na karanta labarin Baba Tsohon Akawu sai na ga ai labarina ne, masara ce kawai a madadin takarda.

Mai Adaidaita: Ni fa duk wannan hirar jinta nake kamar ana labarin Makka a gaban wanda bai taɓa zuwa Wudil ba. Fili, gwal, sukuk. Ku da kuke da abin ajiyewa ke nan. Ni in na fita tun Asuba, in cire mai, in cire balas, in biya tikiti, abin da ya rage shi ne cefanen gobe. Yau fita, yau ci. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ranar tukunya ma ta kwanta. Wace ritaya? Ritayarmu ita ce ranar da ƙafa ta daina taka birki. Mahaifina dako ya yi a Singa shekara talatin, buhunan da ya ɗauka a ka da nasa ne da ya cika sito goma. Yanzu yana gida, gwiwa ta tafi, ni ne fanshonsa. Ni kuma ɗana nake kallo, shi ma ko makarantar kirki ban iya sa shi ba.

Ɗan Kwari: Ƙanena, arziki nufin Allah ne, kuma kowa da ƙafa ya fara. Ni yaron shago ne shekara tara, ina shara, ina ɗauko dila, ina kwana a kan atamfa. Maigidana ya sallame ni da kaya na bashi da rabin rumfa. Ban gaji ko sisi ba. Matsalar yaran yanzu gaggawa.

Mai Adaidaita: Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, ba hassada nake ba. Amma ka faɗa da bakinka: an ba ka kaya bashi da rabin rumfa. Wannan ai shi ne jarin. Yara nawa ne a shagonku lokacin, nawa aka sallama? Kai kuma yara nawa ka sallama?

Ɗan Kwari: Mu shida ne, biyu aka sallama. Ni na sallami ɗaya. Kuɗin rumfa a Kwari yanzu ba irin na da ba ne, in ka ji hayar shekara sai ka riƙe baki. Wannan kam ka kama ni.

Tsohon Akawu: Yaron nan ya fi mu gaskiya. A 2019 mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, dala tana wajen 360 a Wapa, wato dala 80 da wani abu. A 2024 aka mayar da shi 70,000, dala ta haura 1,500, bai kai dala 50 ba. An ƙara wa mutum albashi ya koma baya. Mai gidajen haya kuwa ya ƙara haya, mai kaya a sito ya sauya farashi kafin la'asar, mai dala ya wayi gari kuɗinsa ya ninka uku yana kwance. Tsada ba kowa take cizo ba, wasu ciyar da su take. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 ne cikin talauci ta fuskoki daban-daban, miliyan 86 a Arewa. Waɗannan ba sa cikin wannan zauren ma, ba su da kuɗin data.

'Yar Banki: Yayana mai adaidaita, akwai tsarin fansho na masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a 2019. Ba sai kana da albashi ba, kana zuba abin da ya samu, kullum ko sati-sati, kuma ana iya cire wani kaso in buƙata ta taso.

Mai Adaidaita: Na gode ƙanwata. In na zuba ɗari biyu kullum, shekara ashirin, ki lissafa mini kwano nawa na shinkafa zai saya a lokacin. In ya kai wata shida zan shiga.

'Yar Banki: Ba zan iya yi maka wannan alkawarin ba.

Uwar Adashi: Kawo ɗari biyun wajena, aƙalla ni kana ganina ido da ido, kuma in ka mutu na san gidanku.

Baban Ummi: Jama'a ku gafarce ni, kwana huɗu ban leƙo ba. Na karanta komai, wasu sau biyu. Mai kula da zaure ya yi gaskiya, mutum uku sun yi mini sallama ta gefe, ɗaya har da ayoyi.

Yanzu dai kuɗin ba miliyan biyu da dubu ɗari ɗaya ba ne. Mai gida ya aiko da takardar ƙarin haya, na biya shekara don in samu kwanciyar hankali. An buɗe rajistar jami'a, na biya wa biyu. Sannan autar gidanmu za a kai ɗaki bayan Sallah, kuma kowa a dangi ya san an ba ni kuɗin gona, ba yadda zan yi in noƙe, na ɗauki gado da katifa. Abin da ya rage miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin.

Na je kamfanin fansho kamar yadda 'yata 'Yar Banki ta ce. Ashe kuwa shekarar haihuwata ta NIN ta bambanta da ta fayil, kuma akwai wata biyar da ba a ga zubi ba. Na fara bin gyaran, an ce in kawo takardar ɗaukar aiki ta asali, ina ta birkita akwatuna. Maman Ummi za ta sayi gwal na dubu ɗari huɗu, mara duwatsu, Hajiya Uwar Adashi, ta ji saƙonki ta ce a gaishe ki. Sauran ina son sukuk, in Malam ya dawo mana da amsar malaminsa. Fili kuwa Alhaji, na tambaya ta hanyar Madobi, abin da kuɗina zai saya sai an wuce inda adaidaita take juyawa.

'Yata, tunda ba a buɗe sabon sukuk yanzu ba, ana iya sayen na hannun wani? Kuma kafin nan a ina zan ajiye kuɗin inda hannuna ba zai kai gare su da sauri ba? Don wallahi in suka ƙara sati biyu a wayata, akwai suna a gidan ƙanena ranar Asabar.

'Yar Banki: Ana iya saye ta wajen dillalan hannun jari masu rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, Baba, sai dai farashin ya danganta da kasuwar ranar. Ka duba sunan kamfanin a jerin hukumar kafin ka tura ko sisi. Kafin nan ka buɗe asusun ajiya na wa'adi a bankin da ba ya harkar ruwa, kada ka karɓi kati, kada ka haɗa shi da waya.

Almajirin Zaure: Malam ya yi tafiya Zariya, sai Laraba.

Mai Adaidaita: Baba, in za ka bankin ka kira ni in kai ka. Kuɗin mai kawai za ka ba ni.